Daga Jos Zuwa Changtang: Yadda Ake Hawa Hamadar Da Ke Saman Duwatsu

Mu mutanen Jos muna da 'yar taƙama da sanyi. In baƙo ya zo daga Sakkwato ko Maiduguri a watan Disamba, ya dunƙule cikin bargo yana karkarwa, dariya muke masa, mu ce ai bana ma sanyin bai sauka ba. Da wannan taƙamar na sauka a garin Leh na yankin Ladak, a can ƙuryar arewacin Indiya. Matakalar masauki ce ta fara koya mini hankali: hawa ɗaya tak, amma sai da na tsaya sau biyu ina haki kamar wanda ya yi tseren gudu daga Taminus zuwa Farin Gada.

Jos tana kan tudun da ya kai kusan mita 1,200. Ƙololuwar duwatsun Shere mita 1,829 ce. Dutsen Chappal Waddi na Taraba, wanda babu kamarsa a tsayi duk Najeriya, mita 2,419 ne. Leh kuwa tana kan mita 3,500, kuma ita ce ƙofar shiga kawai. Inda za ka, wato Changtang, tafkunansa ma suna kwance ne a kan mita 4,500. Sunan a harshen Tibet yana nufin filin arewa. Mafi yawansa yana cikin Tibet ta ƙasar Sin, sai wani yanki da ya malalo cikin Ladak, kuma wannan yankin ne ya fi sauƙin kaiwa ga mai fasfo ɗin Najeriya. Hamada ce sosai, don duwatsun Himalaya sun tare mata damina. Ruwan da ke sauka a Leh a shekara bai wuce milimita 100 da 'yan kai ba, alhali mu a Jos muna samun kusan 1,400.

Ga yadda ake tafiyar, bi da bi.

Mataki na 1: Fara da asibiti kafin ofishin biza

Wannan ne matakin da littattafan jagoran tafiya na Turawa kan taɓa a gurguje su wuce, mu kuwa a nan ya kamata mu zauna. Je ka a duba maka rukunin jininka na gado, abin da muke cewa jinotayip. Mai sikila, wato SS ko SC, wannan tafiya ba tasa ba ce, magana ta ƙare. Mai AS, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, bai taɓa sanin yana ɗauke da komai ba, shi ma akwai haɗari a kansa: inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, ƙwayoyin jininsa na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa, ciwo mai tsanani ya taso masa ta hagun ciki, ƙarƙashin haƙarƙari. Masu AS suna da yawa a cikinmu, don haka kada ka ce ai kai ba ka taɓa ciwo ba.

Da na gaya wa likitan da na gani inda za ni, ajiye biro ya yi ya ce, "Malam, mita nawa ka ce?" Na maimaita. Ya ce, "To, kwanta mu fara da zuciya." Haka ya kamata. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko na huhu, mai asma, mai ƙarancin jini, da mace mai juna biyu, duk sai da izinin likita.

Tambaye shi batun maganin Diamox. Yana taimaka wa jiki ya saba da tudu da wuri, kuma akan fara shi kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin ƙaiƙayi kamar tsutsa na yawo a yatsu. Kada ka saya a kemis da kanka, musamman in jikinka ba ya son magungunan dangin salfa. Sannan ka karɓi katin rigakafin shawara, wato yalo kad, don Indiya ba ta wasa da shi ga wanda ya fito daga Najeriya. Ka tambaya a ofishin jakadancinsu da ke Abuja ko akwai wata allurar da suke nema bayan wannan.

Mataki na 2: Lokaci, biza da takardar izini

Daga Yuni zuwa Satumba ake zuwa. Da hunturu sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, tafkuna su daskare, hanyoyi su toshe. In so samu ne, ka zaɓi Yuli ko Agusta: ciyawa ta fito a bakin tafki, tsuntsaye na tare da 'ya'yansu, jakunan dawa sun haihu.

Daga Abuja ana zuwa Delhi ta Adis Ababa ko ta Doha. Daga Delhi zuwa Leh kamar awa ɗaya da rabi ne a jirgi, kuma da sassafe jiragen ke tashi. Agogon Indiya ya riga namu da awa huɗu da rabi, sai ka sanar da mutanen gida kada su riƙa kiranka tsakar dare.

Biza kaɗai ba ta isa. Changtang tana bakin iyakar Indiya da Sin, sojoji ko'ina, saboda haka baƙo ɗan wata ƙasa sai ya samu takardar izinin shiga yankin da aka keɓe. Ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a Leh ake samunta, kuma bisa al'ada mutum biyu zuwa sama ake ba. Tun kana Jos ka tura wa kamfanin hoton fasfonka da sunayen wuraren da kake son zuwa, su tabbatar maka a rubuce kafin ka yanki tikiti. In ta fito, ka buga kwafi kamar goma, don kowane shingen jami'ai sai sun karɓe ɗaya.

Abu biyu ka bar su a gida: wayar tauraron ɗan'adam irin su Thuraya, wadda shiga da ita Indiya ba izini laifi ne da ke kai mutum hannun 'yan sanda, da ɗan jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi. Kilishi ma haƙura da shi, kwastan ba sa son nama.

Mataki na 3: Horo da kayan sawa

Wata biyu kafin tafiya ka fara hawan Shere duk ƙarshen mako, da jaka a baya, cikin takalmin da za ka tafi da shi. Wannan ƙafafu zai gyara maka, ba jini ba. Ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga ciwon tudu, wato rashin lafiyar da ƙarancin iskar shaƙa ke haddasawa a saman duwatsu. Sau da yawa ma majiya ƙarfin ne ke faɗuwa, don su ne ba sa jin a dakata.

Akwai horo na biyu da mutane ke rainawa: koyon kallo. Samu madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ko 10x42, ka je wajajen dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, ka koyi kama tsuntsu da ido, sannan ka ɗora madubin ba tare da ka sauke kallonka ba. Wanda bai iya wannan ba, kafin ya gama lalube dabbar ta ɓace.

Kayan sanyi kuwa, kasuwar Katako ta wadatar. Gwanjo ba abin kunya ba ne, jaket ɗin da Turawa suka yi hunturu da ita ce. Kada ka nemi ƙatuwar riga guda. Nemi hawa uku: ta ciki mai kama jiki wadda ba auduga ba (auduga na riƙe gumi ta sanyaya ka), suwaita ta tsakiya, da jaket mai tare iska. Da rana in ba iska za ka iya zama da riga ɗaya, gajimare na giftawa sai ka nemi sauran. Ƙara hular sanyi, safar hannu, safar ƙafa masu kauri, da rawani ko babban mayafi don ƙura. Baƙin tabarau mai tare zafin rana dole ne. Kada kuma ka ce baƙar fata ba ta ƙuna. Hancina sai da ya saɓule. Man kaɗanya ya yi mini aiki a leɓe da dunduniya fiye da duk abin da na saya a kanti, don bushewar can ta ninka ta hunturunmu.

Mataki na 4: Kwana uku a Leh, kana zaman banza

Hukumar Ladak ta ce wanda ya iso ta jirgi ya huta awa 48 kafin ya ƙara hawa. Ni na ce ka mai da shi kwana uku. Dalili kuwa, a tsayin Leh kowane numfashi kusan kashi biyu cikin uku yake kawo maka na iskar da za ka samu a bakin teku. A bakin tafkunan Changtang abin ya ragu zuwa ƙasa da kashi 60 cikin 100. Jiki na iya sabawa, amma da nasa agogon yake aiki.

Ranar farko kwanta. Sha ruwa sosai, ci abinci marar nauyi, kada ka sha maganin barci, taba kuma a ajiye ta. Rana ta biyu ka taka a hankali zuwa babbar kasuwa. A nan za ka ga babban masallacin Juma'a, wanda asalin gininsa tun wajen 1666 ne. Musulmi na da yawa a garin, abincin halal ba wuya. Abin da zai ba ka mamaki shi ne alƙibla: mu da muka saba cewa "fuskanci gabas", a can yamma ake kallo. Koyi kalmar "julle". Ita ce sannu, ita ce na gode, ita ce sai an jima.

A kwanakin nan za ka canza kuɗi zuwa rupi, ka riƙe tsaba, don bayan Leh kada ka dogara da na'urar cirar kuɗi. Layin waya na kati da aka saya a Delhi ba ya aiki a Ladak. Sayi dabino, gyaɗa da busasshen afirkot, ɗan itacen da yankin ya yi suna a kansa. Mota kuwa ta 'yan ƙungiyar direbobin garin za ka ɗauka, mai jan ƙafa huɗu. Tambayi direban ko yana da tukunyar iskar shaƙa da jarkar mai ta ajiya, ka kuma gani da idonka.

Alamomin ciwon tudu ka haddace su kamar karatun allo. Ciwon kai, tashin zuciya, ƙin abinci, kasala, rashin barci: wannan shi ne ƙarami, maganinsa kada ka ƙara hawa sai ya wuce. Babban kuwa iri biyu ne. In ruwa ya taru a huhu, mutum zai riƙa haki ko yana zaune, da tari, wani lokaci da kumfa mai ja-ja. In ƙwaƙwalwa ta kumbura, zai riƙa tangaɗi kamar mashayi, yana magana ba kan gado. Ja layi a ƙasa ka ce ya bi. In ya kasa, a sa shi a mota a gangara nan take, ko ƙarfe biyun dare ne. Saukar mita 500 zuwa 1,000 na iya ceton rai. Babban asibitin gwamnati yana Leh. In zazzaɓi ya kama ka, ka gaya wa likita daga Najeriya ka fito, don kada maleriyar da ka taho da ita daga gida ta ɓuya a bayan ciwon tudu.

Mataki na 5: Hanyar da na fi yarda da ita

Ƙa'idar masu hawan dutse ita ce, in ka wuce mita 3,000, kada wurin kwananka na yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Daga Leh zuwa ƙauyen Korzok da ke bakin tafkin Tso Moriri kusan kilomita 220 ne, kuma yawancin masu yawon buɗe ido a yini ɗaya suke yankarsa, wato su ƙara mita dubu a dare guda. Su ne za ka ji suna amai da asuba. Kai ka raba shi biyu.

Bi kogin Indus ta Karu da Upshi ka kwana a Chumathang, kusan mita 4,000, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa a bakin kogi. Kashegari ka tsallaka gadar Mahe, inda ake duba takardu, ka haura ta Sumdo, ka wuce ɗan tafkin Kyagar, ka isa Korzok da rana. Yi kwana biyu. Daga nan ka koma ta kwarin Puga, inda ƙasa ke tururi tana warin ƙibiritu, ka haye mashigar Polo Kongka ka sauka tafkin Tso Kar, ka kwana ɗaya ko biyu a ƙauyen Thukje. Komawa Leh ta mashigar Tanglang La ce, mita 5,328. Ɗauki hoto ka shige mota. Minti goma ya isa a wurin.

Tso Moriri shuɗi ne har ya yi duhu, kewaye da duwatsu masu ƙanƙara a ka. An sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2002, Tso Kar kuma a 2020. An hana kafa tanti a bakin ruwan. Tso Kar kuwa fari ne fat a gefe-gefe, gishiri ya yi ɓawo kamar filin kanwa. Da can makiyaya na haƙar gishirin nan su ɗora wa tumaki su kai wasu garuruwa su musanya da hatsi, tamkar ayarin Azbinawa da gishirin Bilma.

Da dare kada ka kwana da murhun gawayi ko na gas a rufaffen ɗaki, komai sanyi. Hayaƙin da ba a gani yana kisa. Batir da waya ka sa su cikin bargo tare da kai. Ruwa a wannan tsayin yana tafasa tun bai kai digiri 90 ba, shi ya sa shinkafa ke daɗewa a wuta, shayi kuma ke hucewa kafin ka kai rabin kofi. Kai matafiyi ne, ƙasaru ta halatta gare ka. Ka nemi ruwan ɗumi don alwala, in kuma ruwan zai cutar da kai, taimama na nan, ƙasa kuwa ba ta yanke ba.

Mataki na 6: Kallon dabbobi

Fita da ketowar alfijir, ko bayan la'asar. Sa direba ya kashe mota a kan hanya, ka zauna, ka bi gindin tudu da madubi daga hagu zuwa dama, sannu a hankali. Da farko za ka rantse babu komai sai tsakuwa. Can sai wani dutse ya ɗaga kai.

Wanda za ka fara gani shi ne kiyang, jakin dawan Tibet, wanda ya fi duk jakunan dawa na duniya girma. Bayansa ja ne kamar jan ƙasa, cikinsa da ƙafafunsa farare, da baƙin layi daga wuya zuwa wutsiya. A Tso Kar na zauna a bayan wani dutse kusan rabin awa, sai ga wani namiji shi kaɗai ya nufo ni. Ya tsaya kamar taku sittin, ya miƙe kunnuwa, ya yi wani huci ta hanci, tururi ya fito. Ya ƙura mini ido, ya kewaya ta inda iska za ta kai masa warina, sannan ya juya ya yi sukuwa, ƙura na binsa. Da na tashi na bi shi da kyamara tun farko, da bayansa kawai zan gani.

Sai gauraka mai baƙin wuya, 'yar uwar gaurakarmu, sai dai ba ta da tukkun zinariya. Jan tabo gare ta a tsakiyar ka. Ita ce tsuntsuwar da Ladak ta ɗauka alamarta a 2021. Tana zuwa da bazara ta yi sheƙa a tsakiyar fadama, ƙwai ɗaya ko biyu, ta tafi kafin hunturu. Nemi ta a wajen Startsapuk, tafkin ruwan daɗi da ke kusa da Tso Kar, da kuma fadamar Puga. A nan ne laifin baƙi ya fi yawa. In ka matsa har uwar ta tashi daga kan ƙwai, sanyi ko hankaka ko karnukan da ke yawo sakaka za su gama da su. In ka ga ta daina kiwo ta miƙe wuya tana kallonka, ka riga ka wuce gona da iri, ja da baya.

A Tso Moriri akwai dinya mai baƙaƙen layi biyu a ƙeya, wadda ke ƙetare Himalaya da fiffikenta duk shekara zuwa filayen Indiya. A gefen hanya za ka ga mamot, kamar ƙaton kurege mai ƙiba, yana tsaye a bakin rami yana fito. Fiye da rabin shekara yake yi yana barci a ƙarƙashin ƙasa. Wasu sun saba da mutane har suna roƙo, saboda masu ba su biskit. Kada ka shiga sahunsu. A kan gangara ka duba ragon dawa mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira argali, a sama kuma mikiya da wata ungulu mai gemu wadda ƙashi ne abincinta. Kyarkeci sai mai rabo.

Damisar ƙanƙara fa? Cire ta daga lissafi. Ƙidayar da gwamnatin Indiya ta fitar a 2024 ta ce akwai 718 a ƙasar, 477 daga ciki a Ladak, amma da rani suna can ƙololuwa. Masu nemanta da hunturu suke zuwa gandun dajin Hemis, su yi kwanaki a cikin ƙanƙara. Wannan wata tafiya ce daban.

Kada ka bar direba ya sauka daga hanya ya bi dabba, ko da shi ya ba da shawarar don ya faranta maka. Sawun taya a wannan ƙasa yakan yi shekaru bai goge ba, ga tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa. Shararka kuma, har robar ruwa, ka koma da ita Leh.

Mataki na 7: Masu wurin

Changpa su ne Fulanin wannan tudu. Suna tashi daga mashekari zuwa mashekari da tumaki, da yak, wato saniyar tudu mai dogon gashi, da awakin da ake tsefe musu lallausan gashin fashmina. Tantinsu na gargajiya, rebo, da gashin yak ake saƙa shi, makamashinsu busasshen kashin dabbobi. Ka yi musu yadda za ka yi in ka je ruga: tsaya daga nesa ka yi sallama saboda karnuka, kada ka ratsa tsakiyar garke, kada ka ɗauki hoton kowa sai ka tambaya. In an miƙo maka shayi mai gishiri da man shanu, karɓa da hannu biyu. Ka ɗauke shi a matsayin romo, sai ya fi shiga. Akwai kuma tsamfa, garin soyayyen sha'ir da ake damawa a dunƙula, ɗan uwan gumba. Mabiya addinin Buda ne. In ka iske katangar duwatsu masu rubutu a hanya, al'adarsu a bar ta ta hannun dama a wuce, kuma ba a ɗaukar ko tsakuwa ɗaya.

Mataki na 8: Dawowa

Bar kwana ɗaya rara a Leh, ɗaya a Delhi, don iska ko gajimare kan sa a soke jirgin Leh, kuma na Abuja ba zai jira ka ba. Ranar rarar ce ta tsaraba. Mayafin fashmina na gaske yana da tsada, ka saya a shagon ƙungiyar masaƙa ka karɓi rasit. In wani ya ja ka gefe ya raɗa maka cewa yana da wanda ya fi fashmina laushi, sunansa shatush, ce masa julle ka yi gaba. Daga gashin wata barewar Tibet ake yinsa, sai an kashe ta ake samu, kuma kama mutum ake yi da shi a filin jirgi.